Neman fayil a faifan haɗaka na ofis: tambayoyin da ake ta maimaitawa da amsoshinsu

Duk wanda aka ɗora wa kula da kwamfutocin wurin aiki ya san wannan ƙorafin, wai an rubuta sunan fayil a akwatin nema an zauna ana kallon allo har shayi ya huce bai fito ba. Na tattaro tambayoyin ne yadda mutane ke yin su, daga masu sauƙi zuwa waɗanda sai mai riƙe da sabar, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin kowa, ne zai damu da su.

Me yasa a kwamfutata fayil ke fitowa nan take, amma a faifan haɗaka sai na yi ta jira?

Saboda a kwamfutarka ba bin fayilolin ake yi ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai abin da ake kira indeks, kamar fihirisar da ke bayan littafi, Windows ta riga ta zauna tun kana wani aikin ta rubuta sunan kowane fayil da inda yake da kalmomin da ke cikinsa, to da ka rubuta kalma can kawai take leƙawa ta ba ka amsa. Shi kuwa faifan haɗaka, wato Z: ɗin nan ko \\sabar\folda, ba ya cikin wannan fihirisar, dole File Explorer ya koma bin folda-folda ta cikin netwok, ya tambayi sabar me ke cikin wannan, ta ba shi amsa, ya shiga ta gaba ya sake tambaya, haka har ya ƙure. Koren layin nan da kake gani yana rarrafe a saman taga kamar ba zai kai ƙarshe ba, wannan zagayen ne yake nuna maka.

Ba raunin netwok ba ne? In muka sa kebul mai sauri ai zai gyaru ko?

Zai ɗan rage amma ba nan ciwon yake ba. Neman fayil ba kaya mai nauyi yake ɗauka ba, yawan kai-komo ne yake cin lokacin. Ka'idar da Windows ke magana da faifan haɗaka da ita sunanta SMB, kuma kowace folda sai an buɗe ta, an nemi jerin abin da ke ciki, an rufe. Mu ƙaddara kuna da folda 10,000, kowacce tafiya 3, ka ga 30,000 ke nan. A cikin ofis inda kowace tafiya ba ta wuce milisakan 1 ba, kusan sakan 30 ne. Amma mutumin da ya shigo daga gida ta VPN, in tafiyarsa ɗaya milisakan 40 ce, lissafin ya koma sakan 1,200, minti 20 cur a kan nema guda, kuma ko intanet ɗinsa na gudun tsiya ne ba abin da zai canza tunda jiran amsa yake yi ba saukar da kaya ba.

Abu ɗaya da ya kamata ka duba a ɓangaren netwok shi ne kar a ce har yanzu SMB1 kuke amfani da shi. Ya tsufa, surutunsa ya fi na baya-bayan yawa, kuma ta kansa mugun vairos ɗin nan WannaCry ya bi ya yi ɓarna a 2017. SMB2 ya zo tun zamanin Windows Vista, SMB3 kuma tare da Windows 8 da Server 2012, babu dalilin zama a na farkon sai in wata tsohuwar na'urar sikana ce ta riƙe ku.

To ba sai in shiga Indexing Options in ƙara Z: ɗin ba kawai?

Kowa nan yake fara zuwa, kuma kowa haka yake dawowa, don ba za ka ma ga faifan a jerin ba. Windows ba ta yarda kwamfutar ma'aikaci ta riƙa gina indeks na abin da ke kan netwok, kuma in ka yi tunani tana da gaskiya, ka ɗauka mutum 40 kowa kwamfutarsa tana bin faifai ɗaya tana karanta fayil ɗaya, ai sabar ba za ta yi wani aikin ba sai amsa musu.

Akwai dabarar da ake yawan bayarwa, ka danna dama a kan foldar ka zaɓi Always available offline. Yana aiki, amma ka san me ka yi, kwafe foldar gaba ɗaya ka yi zuwa cikin kwamfutarka, tana zaune a C:\Windows\CSC, shi yasa indeks ya iya ganinta. In ƙaramar folda ce ta aikinka kai kaɗai, ba laifi. In foldar sashe ce mai gigabayit 300 da mutane goma ke taɓawa kullum, faifanka zai cika kuma za ka fara ganin rigimar kwafi biyu, naka da na abokin aikinka, kowanne yana cewa shi ne sabo. Sannan Windows Home ma ba ta da wannan zaɓin.

Mece ce mafitar ta gaske?

A gina indeks ɗin a inda fayilolin suke, wato a kan sabar, wadda wasu ke kira uwar garke. In Windows Server ce, ka shiga Server Manager, Add Roles and Features, ka sa alama a Windows Search Service ka girka. Bayan nan ka buɗe Services ka duba Windows Search ɗin, don a Server 2016 a kashe yake zuwa, sai ka mayar da shi Automatic ka kunna da hannunka, mutane da yawa nan suke tuntuɓe su ce sun girka bai yi ba. Sai ka buɗe Indexing Options a kan ita sabar ɗin, ka ƙara foldar da aka raba ta ainihin hanyarta, misali D:\Haɗaka, ka cire abin da ba ruwan kowa da shi.

Daɗin abin shi ne ba sai ka taɓa kwamfutocin ma'aikata ba. Da mutum ya rubuta kalma a File Explorer yana cikin foldar haɗaka, Windows ɗinsa za ta tura tambayar sau ɗaya zuwa sabar ta hanyar Windows Search Protocol, sabar ta duba fihirisarta ta dawo da sakamako, tafiye-tafiye 30,000 ɗin da muka lissafa a sama sun zama ƴan kaɗan. Kuma tana tace amsar gwargwadon izinin mutum, abin da ba shi da ikon buɗewa ba zai gani ba, wannan ma zan dawo kansa a maganar haɗarin Everything.

Ta yaya zan tabbatar ana amfani da indeks ɗin sabar, ba har yanzu rarrafe ake ba?

Gwaji mafi sauƙi, daga kwamfutar ma'aikaci ka nemi wata kalma da ka san tana CIKIN wani fayil na Word amma babu ita a sunansa. In ya fito cikin sakan biyu uku, indeks ne ya amsa. Wani gwajin kuma, ka ƙara foldar a Library, in Windows ta karɓa ba ta yi maka ƙorafin wurin ba ya cikin indeks ba to ta ga na sabar.

In kuna amfani da DFS, wato hanyar da ke farawa da sunan domen maimakon sunan sabar, ka gwada hanyoyin biyu ka kwatanta, ta DFS da kuma \\sabar\folda kai tsaye. Sau da yawa a nan ake gano indeks ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar da aka bi ce ba ta kai wa gare shi.

Fayil nawa wannan indeks ɗin zai iya ɗauka?

Microsoft da kanta ta ce in abubuwan sun haura 400,000 za a iya fara ganin nauyi, kuma iyakar da ta ambata miliyan 1 ce, bayan nan yana iya gazawa ko ya cinye ƙarfin na'urar. Ofis ƙarami ko matsakaici wannan ya ishe shi, matuƙar dai ba a zuba masa shara ba. Abin da ke kumbura shi yawanci ba takardun aiki ba ne, tsofaffin bakof ne da wani ya kwafe cikin folda tun shekaru, da foldar masu rubuta manhaja mai ƙananan fayiloli dubbai, da hotuna. Ka cire su daga indeks ko ka bar su a kan suna kawai ba tare da karanta ciki ba, wannan zaɓin yana Advanced, shafin File Types.

Shi kansa indeks ɗin fayil ne guda, Windows.edb, yana zaune a C:\ProgramData\Microsoft\Search\Data\Applications\Windows, a Windows 11 kuma sunan ya koma Windows.db. Yana girma fa, kar ka bar shi ya cika maka C: na sabar. A Advanced ɗin nan akwai inda ake canza masa wuri, in kana da SSD can ya fi dacewa da shi.

Mu ba Windows Server muke da ita ba, ƙaramin akwatin NAS ne, ya za mu yi?

Nan abin ya ɗan bambanta. Akwatunan nan na ajiyar fayil da ake jonawa da netwok yawanci Linux ne a ciki, suna raba fayil da manhajar Samba, kuma ita Samba ta asali ba ta amsa irin tambayar neman da File Explorer ke turawa, don haka a da yawansu ko ka kunna indeks a akwatin, mai Windows da ya yi nema a File Explorer rarrafen dai zai yi. Amma masu ƙera su sun yi nasu kayan neman, Synology na da Universal Search, QNAP na da Qsirch, dukansu a kan akwatin suke gina fihirisa, sai dai yawanci ta burauza ake shiga a nema. Yana da sauri sosai, matsalar kawai koya wa mutane su bar akwatin neman da suka saba da shi, wannan kam ya fi girka manhajar wuya. In ba za su yarda ba, duba amsar da ke biye.

Ana ta yabon Everything, zai yi aiki a faifan haɗaka?

Zai yi amma ba da sihirin da ka gani a kwamfutarka ba. Everything manhaja ce ta kyauta daga voidtools, saurinta ya samo asali ne daga yadda take karanta teburin sunaye na NTFS, tsarin faifan Windows, kai tsaye, wanda ake kira MFT, sannan tana bin USN Journal ta san duk canjin da aka yi, masu ita sun ce fayil miliyan 1 kusan minti 1 yake ɗauka. To wannan teburin ba a ganinsa ta netwok, sai faifan da ke jikin na'urar.

Hanya biyu ce. Ta farko, a kwamfutarka ka shiga Tools, Options, Indexes, Folders ka ƙara \\sabar\folda. Zagayen farko zai yi jinkiri don rarrafen nan ne dai, amma sau ɗaya, bayan nan sunayen suna hannunta kana rubutawa suna fitowa. Ka sa hanyar mai layi biyu ba harafin Z: ba, saboda in manhajar ta tashi da ikon admin ba ta ganin haruffan da aka ɗaura wa mai amfani na yau da kullum. Hanya ta biyu, in sabar Windows ce, a girka Everything a kanta ta karanta MFT da cikakken saurinta, a kunna ETP ko HTTP ɗinta, wato ƙofofin da take amsawa ta netwok, sauran kwamfutoci su riƙa tambayarta. Wannan ta fi sauri kuma ta fi sauƙi ga sabar, amma kar ka kunna ta sai ka karanta amsa ta gaba.

Wane haɗari ne a kunna Everything a kan sabar?

Ba ruwanta da izinin da ka sa wa foldoji. Ta karanta teburin faifai gaba ɗaya, kuma duk wanda ya haɗu da ita za ta nuna masa duk sunan da ke hannunta. Za ka ce ai suna ne kawai, to suna ma magana ne. Ni kaina na taɓa yin wannan gangancin a wani wurin aiki, na kunna ta da yamma ina ta murna, washegari da safe wani ma'aikaci ya kira ni teburinsa, ya rubuta sunansa ne don ya nemo rahotonsa na wata, sai ga layi na uku, fayil a foldar masu kula da ma'aikata, sunansa a jiki tare da kalmar gargaɗi da kwanan watan jiya. Bai ce min komai ba, ya dai ɗora yatsa a kan allon yana kallona. Ban koma kujerata ba sai da na kashe ta.

In dole sai kun yi, ka shiga Exclude ka cire duk foldar da ba ta kowa da kowa ba, ka sa suna da fasiwod a ETP ɗin, ka cire alamar da ke ba da damar saukar da fayil ta cikinta don wannan yana tsallake izinin gaba ɗaya, kuma kar ya leƙa wajen ofis ko da wasa. In kuwa akwai bayanan albashi ko na lafiya a faifan, ni dai shawarata a koma Windows Search na sabar ko kowa ya yi nasa indeks ɗin na Folders, tunda wannan da izinin mutum yake zagayawa, abin da ba ya iya buɗewa ba zai shiga jerinsa ba.

Ina son neman kalmar da ke cikin takarda ne ba suna ba, musamman PDF, me yasa wasu ba sa fitowa?

Kafin indeks ya karanta cikin fayil sai yana da matatar irin wannan fayil ɗin, ana ce mata IFilter. A kwamfutar da ke da Office matatun Word da Excel suna nan, amma sabar yawanci ba a girka mata Office, sai ka sa mata Office Filter Pack na Microsoft, PDF ma ka duba File Types ka ga ko yana da tasa matatar ko suna kawai ake ɗauka. Bayan ka girka sai an sake gina indeks kafin tsofaffin fayiloli su shiga.

Amma mafi yawan PDF ɗin da ake kuka da su ba wannan ne ciwonsu ba, na sikana ne, hoton takarda ne babu harafi ko ɗaya a ciki. Ka buɗe shi ka gwada jan linzami a kan rubutun, in bai zaɓu ba to babu indeks ɗin da zai same shi sai an bi ta kansa da OCR, manhajar da ke mayar da hoton rubutu zuwa haruffa. Na'urorin sikana da yawa suna da zaɓin searchable PDF, ka kunna shi tun daga can ka huta. Ita Everything 1.4 suna take riƙewa, tana da content: amma buɗe fayilolin take yi a lokacin, ta netwok kuwa jira ne sabo. Masu son fihirisar ciki ba tare da sabar Windows ba suna amfani da Recoll ko DocFetcher.

Masu Mac da Linux fa?

Mac da Spotlight yake nema, kuma a nan Samba ta fi yi masa kirki, tun siga ta 4.12 tana iya amsa tambayar Finder, wato File Explorer na Mac, daga wata manhajar fihirisa mai suna Elasticsearch, sai dai kai ne za ka tanadi abin da zai cika Elasticsearch ɗin, kamar FSCrawler. Masu Synology an rage musu wahala, Universal Search yana iya amsa wa Finder.

A Linux in ka ga locate ko plocate ba ya nuna komai daga faifan netwok, ba lalacewa ya yi ba, buɗe /etc/updatedb.conf ka ga layin PRUNEFS, nfs da cifs suna cikin waɗanda aka ce ya tsallake. Kana iya cire su amma ya fi kyau updatedb ya gudana a kan ita sabar.

Na ajiye fayil yanzun nan amma nema bai nuna shi ba, ko kuma yana nuna wanda aka goge tun jiya

Indeks hoton faifai ne na wani lokaci, kullum yana ɗan baya. Na kan sabar ba ya nisa sosai don faifan a jikinsa yake, canji na faruwa yana ji, sai dai Windows Search yana ja da baya in ya ga na'urar tana aiki sosai, akwai Group Policy mai suna Disable indexer backoff da ke hana shi wannan kunyar. Wanda aka gina daga nesa, kamar Folders na Everything, shi ne ya fi makara, yana dogara ne da sanarwar da sabar ke turowa, in aka kwafe fayil dubbai a lokaci guda wasu sanarwar na zubewa a hanya. Shi yasa ake sa masa lokacin sake zagaye, sau ɗaya da dare ya isa, kar kowa ya sa nasa duk minti 15 ku dawo gidan jiya.

Maɓallin Rebuild kuwa kar ya zama abin da hannunka ke fara kai wa. Goge fihirisar yake yi ya fara daga farko, a babban faifai yana iya cin kwana, kuma duk tsawon lokacin rabin amsa mutane za su riƙa samu.

Ba zai sa sabar ta yi nauyi ba?

Ginin farko zai sa, don haka ka fara shi ranar da ba kowa ko da daddare. Bayan nan ɗan abin da ya canza kawai yake bi, kuma in ka auna da mutum 40 masu rarrafe duk yini, sauƙi ma ta samu.

Ni ma'aikaci ne kawai, ba ni da iko da sabar, akwai abin da zan iya yi yau?

Akwai. Na farko kar ka tsaya a bakin Z: ka yi nema, shiga ciki har foldar da kake zargi tukunna, folda 200 ba ɗaya take da 10,000 ba. A Search options ka cire alamar File contents in suna kake nema, don in tana kunne kowane fayil sai an ja shi ta netwok an buɗe. Ka saba da tace nema, a File Explorer kana iya rubuta ext:pdf ko datemodified:this week ko size:>50MB, a Everything kuma ext:xlsx dm:thisweek, a cikinta tazara tsakanin kalmomi na nufin duka biyun, alamar | na nufin ko wannan ko wancan, alamar ! na cire abin da ba ka so. In ba a hana girka manhaja ba, Agent Ransack ba ya gina indeks amma yana nuna maka layin da kalmar ta fito ba sai ka buɗe fayil ɗin ba.

Sai maganar sunaye, wadda ba manhajar da za ta gyara muku. Fayil goma duk sunansu rahoto na ƙarshe, na ƙarshe 2, na ƙarshe na gaskiya, ko indeks ya kawo su cikin ƙiftawar ido sai ka buɗe su duka kafin ka san wanne ne. Ku sa kwanan wata a gaba, shekara sannan wata sannan rana kamar 2024-03-15, jerin zai tsaru da kansa. Ku kuma tsaya a kan rubutu ɗaya, don a wurin kwamfuta ƙ daban k daban, wanda ya ajiye da ƙididdiga wani ya zo ya nemi kididdiga yana iya tashi hannu biyu ya rantse an goge masa fayil. Sannan ku rage folda cikin folda cikin folda, hanyar da ta wuce harafi 260 har yanzu akwai manhajojin Windows da ke kasa buɗe ta, ka ga fayil a sakamakon nema ka danna ya ce maka babu shi.